Lissafin Kasuwa a Cikin Aji: Tambayoyi da Amsoshi Kan Koyar da Samfurin Lissafi ga Yaranmu na Legas

Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a yankin Agege. Yawancin tambayoyin nan iyayen yara ne suka yi mini su, wasu a bakin ƙofar makaranta, wasu bayan sallar Magariba, kaɗan kuma daga 'yan'uwana malamai. Abin da ya sa na tara su wuri guda abu ɗaya ne da ke ci mini tuwo a ƙwarya: yaron da zai ba ka canji daidai a rumfar babansa a kasuwar Mile 12 ba tare da ya taɓa biro ba, shi ne zai zo aji ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ni ba ni da kan lissafi." Yana da shi. Mu ne ba mu buɗe masa ƙofar da zai shigo da shi ba.

Mene ne samfurin lissafi? Ba shi ne lissafin da muka sani ba?

Lissafin da muka tashi da shi, malami ne ke kawo tambaya a shirye: lambobi sun cika, amsa ɗaya ce, tana bayan littafi. Samfurin lissafi kuwa daga matsala yake farawa, irin wadda ba ta zuwa da lambobinta. A ce daga Agege za ka Oyingbo. Jirgin Red Line da ya fara aiki a 2024 ya fi, ko danfo? Ba mai ba ka amsa sai ka tambayi kanka: da ƙarfe nawa? Ranar aiki ko Lahadi? Kuɗi nake son ragewa ko lokaci? Tafiyar da zan yi daga gida zuwa tasha fa, da jiran jirgin? Daga nan ka zaɓi abin da za ka sa a lissafi da abin da za ka bari, ka mayar da su lambobi da alamomi, ka warware, sannan ka koma titi ka duba ko amsar ta yi kama da gaskiya. In ba ta yi ba, ka sake zama.

Tela yakan yanka samfuri a takarda kafin ya taɓa shadda. Takardar ba riga ba ce, amma ita ke nuna masa inda almakashi zai bi. Haka samfurin lissafi yake.

Biyu da biyu huɗu ne a ko'ina. To ina al'ada ta shigo?

Gaskiya ne, biyu da biyu ba su da yare. Amma dubi inda aikin samfuri ya fi nauyi: wajen zaɓen abin da za a lissafa. Wannan zaɓi sai wanda ya san al'amarin. Da ɗan gari akan ci gari. Idan matsalar ta shafi wasan da yaro bai taɓa gani ba ko kuɗin ƙasar da bai taɓa riƙewa ba, ba shi da abin cewa, sai ya jira malami ya faɗa ya kwafa. Idan kuwa ta shafi jarkar mai ruwa ko buhun albasa, zai iya ce wa malami, "A'a Malam, ba haka ake yi ba." Ranar da ɗalibi ya iya gyara mini zato, ranar ya fara aikin samfuri.

Abin da ake nufi da koyarwa mai la'akari da al'ada ke nan: a ɗauki abin da yaro ya sani daga gida da unguwa a matsayin ilimi, a gina sabon ilimi a kansa.

Ka ba mu misali guda daga farko har ƙarshe.

Tumatir. Yana tasowa daga wuraren noman rani irin su Kadawa a Kano da Danja a Katsina, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin a sauke shi a Mile 12. Tambayar da na rubuta a allo ita ce: yaushe ɗan kasuwa zai ci riba, yaushe zai faɗi? Lambobin da ke biye na koyarwa ne, ba farashin yau ba.

A ce ya sayi kwando 100, kowanne naira 10,000. Kuɗin mota, lodi, saukewa da la'ada sun kama naira 5,000 a kan kowane kwando. Jari ya zama naira 1,500,000. Ya sayar a naira 20,000, ya tashi da 2,000,000. Riba 500,000. Ajin ya yarda, har wasu sun rufe littafi.

Sai wani yaro da ke zaune can baya, wanda a zango biyu ban taɓa jin muryarsa ba, ya ɗaga hannu. "Malam, ai ba duka ke isowa lafiya ba. Na ƙasa yana matsewa." Na ce kamar nawa? Ya ce in mota ta zo a kan kari, a kwando goma za a iya rasa kamar biyu. Wata yarinya Bayarabiya ta karɓe ta ce fasasshen ma ba zubarwa ake yi ba, shi ne esha, masu abinci na saye da araha. Muka sa masa naira 5,000. Yanzu kwando 80 sun kawo 1,600,000, ragowar 20 sun kawo 100,000. Riba ta sauko zuwa 200,000.

A nan ne aljabara ta shigo da ƙafarta. Kowane kwando da ya lalace yana cinye naira 15,000 daga riba. Muka kira adadin lalatattun k, muka rubuta: riba daidai take da 500,000 a ɗebe 15,000 sau k. Yaran da kansu suka gano cewa in lalacewa ta kai kashi ɗaya cikin uku, riba ta ƙare. Muka ƙaddara cewa kowace kwana guda da mota ta ƙara a hanya tana lalata ƙarin kwando 10 a kan 20 ɗin farko. Kwana ɗaya: riba 50,000. Kwana biyu: faɗuwar 100,000. Suka zana layin a takardar girafu, suka ga inda ya nutse ƙasa da sifiri.

Washegari yaron nan ya dawo da saƙo daga babansa. Ya ce a gaya wa Malam ruɓa ba ta tafiya da taki ɗaya: kwanan farko kaɗan ce, daga nan sai ta ruga, don ruɓaɓɓe yana kama na kusa da shi. Kuma farashi ba ya tsayawa. In motoci da yawa suka shigo da asuba ɗaya, sai ya karye. Wannan dattijo bai yi boko ba, amma abin da ya faɗa shi ne layinmu miƙaƙƙe bai dace ba, lanƙwasasshe muke bukata. Darasin mako mai zuwa ke nan ya ba ni, kuma na faɗa wa ajin daga bakin wa ya fito.

Ashe ba canza sunaye ba ne kawai, a cire na Turawa a sa namu?

A'a. In ka ce "Audu ya sayi goro bakwai" maimakon "wane ya sayi tufa bakwai", fenti ka sake, ginin yana nan. Ma'aunina shi ne: shin abin da yaron ya sani zai iya canza amsar? In ba zai iya ba, ba a yi komai ba tukuna.

Ajinmu a Legas gauraye yake. Al'adar wa za a ɗauka?

Ta duk wanda ke zaune a ajin, kuma gaurayen ma jari ne. Ka tambayi yara da me ake auna shinkafa a gidajensu. Wani zai ce mudu, wani tiya, wata derika, wato gwangwanin tumatir na De Rica da ya zama ma'auni a kasuwannin Legas, wani kuma bokitin fenti. Derika nawa ke cika mudu? Su kawo, a auna a gaban kowa. Za su tarar mudun ma ba ɗaya ba ne, kuma akwai bambanci tsakanin a shafe da a yi tozo. Daga nan maganar kuskuren awo da matsakaici ta taso da kanta, kuma sun gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kilo da lita.

Ƙidaya ma haka. Mu muna cewa ashirin ba ɗaya, ashirin ba biyu. Yarbawa sun fi mu nisa a wannan: ƙidayarsu a kan ashirin-ashirin take, hamsin a wurinsu sittin ne ba goma, arba'in da biyar kuma hamsin ba biyar. Tsofaffinmu har yau suna cewa fam suna nufin naira biyu, jaka kuma naira 200, ragowar canjin kuɗi na 1973. Yaro ya ji wannan, ya san kakarsa tana canjin ma'auni a ka kullum.

Sai dai a yi hattara, don ni na taɓa yin kuskure a nan. Na shirya aiki a kan kiwon shanu, na miƙa wa wani yaro jagorancin rukuni don kawai Bahaushe ne. Ya ce, "Malam, ni a nan aka haife ni. Kakana cinikin goro ne ya kawo shi Agege. Saniya sai a mayankar Oko-Oba nake ganinta." Abin ya tsaya mini a rai, domin na yi masa abin da nake ƙi a yi mana: na dubi sunansa na yanke masa rayuwa. Abin da ya sani shi ne gyaran waya a shagon yayansa. Tun daga ranar, a makon farko na zango nakan ba kowa takarda ya rubuta sana'ar da ake yi a gidansu da abin da shi yake taya yi. Daga waɗannan takardu nake ciro ayyuka.

Akwai bincike a kan wannan, ko ra'ayinka ne kawai?

Akwai. A 1985 Terezinha Nunes Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann suka wallafa abin da suka gani a birnin Recife na ƙasar Burazil. Sun je wurin yara masu talla a matsayin masu saye, yaran suka lissafa kusan komai daidai. Da aka ba su lissafin nan dai a takarda, lambobi tsura, ko rabi ba su ci ba. Yara biyar ne kawai, don haka kada a ɗora wa binciken abin da ya fi ƙarfinsa, amma duk malamin da ya koyar a Agege ko Idi-Araba ya ga irinsu da idonsa. Wani masanin Burazil ɗin, Ubiratan D'Ambrosio, shi ya yayata nazarin lissafin da ke cikin al'adun mutane, musamman bayan jawabinsa a taron duniya kan koyar da lissafi a 1984. A Amurka kuma Gloria Ladson-Billings ta yi nazarin malaman da suka yi nasara da yara baƙaƙen fata, ta fitar da ra'ayinta kan koyarwa mai la'akari da al'ada a 1995. Sharaɗinta na farko shi ne yaran su yi nasara a karatun kansa. Wannan sharaɗi nake riƙe da shi.

Wannan ba wani baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo?

Kalmar aljabara kanta daga Larabci take, daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da rabon gado yake. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina, ya rubuta yadda ake gina hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Kuma duk gidan da aka taɓa raba gado an ga aikin nan. Mutum ya rasu ya bar mata da ɗa da 'ya: matar tana da tumuni, ragowar a raba namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Malami zai nemi asalin mas'ala, wato yawan kason da za a raba dukiyar, ya samu 24: mata 3, ɗa 14, 'ya 7. Ga wadda ta fi burge ɗalibaina: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, su suna da biyu cikin uku. Ka haɗa, ka samu bakwai cikin shida, wato rabo ya fi dukiya. A zamanin Sayyidina Umar aka warware ta da auli: aka ɗaga asalin daga 6 zuwa 7, miji ya samu uku cikin bakwai, su huɗu. Yaron da ya fahimci wannan ba zai ƙara tsoron ɓangaren lamba ba. Ni dai iyakata lissafin. Hukunci na malaman fiƙihu ne, kuma nakan gaya wa yara haka. A aji mai gauraye kuwa, zaɓi nake sa shi, ba tilas ba.

Kuɗin ruwa fa, da lissafin sa'a? Ba koya wa yara riba da caca ba ne?

Wani Alhaji ya tare ni da wannan, ransa a ɓace. Na ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, lissafin da ke nuna yadda bashin ruwa ke ninkuwa, shi ne dai ke nuna yadda tsadar kaya ke cinye kuɗin da aka ajiye, da yadda garke ke yaɗuwa. Kuma ɗanka yana da waya. Masu ba da rance ta waya da shagunan caca sun riga mu isa gare shi." Yaron da ya lissafa da hannunsa abin da bashin kashi 20 cikin 100 a wata zai koma bayan wata shida, ya ga naira 10,000 ta doshi 30,000, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. A darasin yiwuwa, wato lissafin sa'a, ba na sa kuɗi ko fare. Da saukar ruwan sama da lalacewar kaya muke aiki. Alhajin bai ce ya gamsu ba, amma bai cire yaron ba.

Jarrabawar WAEC da NECO fa? Kada a ɓata wa yara lokaci.

Tsoron yana da tushe, kuma ba na raina shi. Manhaja tana da tsawo, zango gajere ne. Amma aikin tumatir ɗin can ya ƙunshi kaso cikin ɗari, riba da faɗuwa, daidaiton layi da zanen girafu, duk kuwa suna cikin manhaja. Ni aiki biyu ko uku nake yi a zango, kowanne darasi uku zuwa huɗu. Sauran lokaci atisaye ne da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, kamar kowa.

Haɗarin gaske yana wani wuri: a tsaya a kasuwa a ƙi ƙarasawa. In an sha hira a kan tumatir, aka tashi ba a rubuta k ba, an cuci yaron, domin lissafin da ake yi a ka yana da shi tun a gida. Alamar ce ya zo nema, wadda za ta yi masa aiki a kan kaya ko maganin da bai taɓa gani ba. Shi ya sa bayan kowane aiki nakan ba su tambaya mai gini iri ɗaya a kan abin da ba su sani ba sam.

Da wane harshe?

A cikin rukuni, da duk wanda tunani ya fi gudu a cikinsa: Hausa, Yarbanci, ko Turancin buroka. Rahoton ƙarshe da Turanci, don da shi za su rubuta jarrabawa. Farfesa Babs Fafunwa, ɗan asalin Legas, ya jagoranci gwaji a Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi, kuma ba su koma baya a Turancin ba.

Yara sun yi yawa a aji, ba kwamfuta, ba kayan aiki. Ta yaya?

Tef ɗin tela, jarka, igiya da agogon waya sun isa. Ga wanda nake farawa da shi a ƙananan azuzuwa: kurar mai ruwa da ke ɗauke da jarka 12 masu lita 25 tana ɗauke da lita 300, wato kilo 300 na ruwa, ban da nauyin kurar. Yara kan yi shiru in sun ji, domin wasu iyayensu ne ke turawa. Sai mu juya ga rufin aji. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufi mai murabba'in mita 50, a ruwan milimita 20, zai zubo da lita 1,000, jarka 40 ke nan. A watan Yuni, lokacin da ruwan Legas ya fi ƙarfi, su kafa gwangwani miƙaƙƙe a fili su auna da rula. Tanki mai girman nawa ya kamata a saya? Me zai faru a watan Agusta in ruwa ya ɗan ɗauke? Rukuni na mutum biyar ko shida, kowa da aikinsa: mai awo, mai rubutu, mai lissafi, da mai cewa "ban yarda ba". Na ƙarshen nan nakan ba wanda ya fi shiru.

'Yan mata suna shiga kuwa?

Suna shiga sosai in misalan ba su tsaya a mota da shanu ba. Adashi, wanda Yarbawa ke kira esusu, ya fi komai tayar da muhawara a ajina. Mutum 10, kowa na zuba naira 5,000 a mako, kwasa 50,000. Kowa ya zuba daidai ya kwashi daidai, to akwai wanda ya fi wani amfana? Samari suka yi saurin cewa mai kwasar farko, don zai juya kuɗin, na ƙarshe kuma tsadar kaya ta rage wa nasa daraja. Wata ɗaliba ta ce mamarta da gangan take neman kwasar ƙarshe, saboda ta faɗo daidai lokacin kuɗin makaranta, kuma in kuɗin na hannunta ba za su kai ba. Ta ƙara da cewa uwar adashi takan sauya layi in wata ta haihu ko aka yi mata rasuwa. Samfurinmu bai da gurbin wannan, dole muka rubuta a ƙasansa abin da ya kasa aunawa. Wata kuma ta lissafa awarar da yayarta ke soyawa, ta gano ba a taɓa sa kuɗin gas da na wahalar mai suyar a cikin jari ba.

In amsa ba ɗaya ba ce, yaya ake ba da maki?

Ina raba shi: zaton da suka yi da dalilinsa, ingancin lissafin, gwada amsar da zahiri, da bayanin inda samfurin ya gaza. Rukuni biyu za su iya samun amsa daban su ci maki ɗaya. Kuskuren ninkawa kuwa kuskure ne, ina jan layi a kansa da jan biro.

Ni ban yi boko ba. Me zan iya yi wa ɗana?

Baba, abin da ke kanka shi muke nema. In ya zo da tambaya daga makaranta a kan sana'arka, ka amsa masa da gaske, har da inda ake faɗuwa. Ba sai ka faɗi jarinka ko ribarka ba. Ni ma nakan hana yara kawo sirrin gida aji, lambobin misali sun wadatar. In kana lissafi a ka, ka yi shi da ƙarfi ya ji hanyar da ka bi, sannan ka ce ya rubuta maka ita a takarda ya karanta maka. Hajiya ma haka, in ana auna garin tuwon suna ko ana yanka yadin anko, a kira yarinyar ta ƙiyasta tukuna kafin a auna. In kuma makarantar ɗanka ta gayyace ka ka yi wa aji bayanin yadda ake kiyasin nauyin sa da ido, ko yadda ake tsara buhuna a tirela, ka zo. Minti ashirin ne, da Hausa za ka yi, ni zan fassara wa sauran.